Ciwon Hanta da Kumburin Jijiyoyin Jini: Dalilin da Ya Sa Gwaji Zai Riga Magani

A shekarar 1866 likitoci biyu a birnin Firaibog na Jamus, Adolf Kussmaul da Rudolf Maier, suka bayyana wata cuta da suka gani a jikin wani saurayi da ya rasu bayan zazzaɓi da rama da ciwon ciki. Jijiyoyin jininsa sun kumbura, sun yi ƙulli-ƙulli kamar zaren carbi. Ita ce likitoci ke taƙaita sunanta da PAN a yau. An haura shekara ɗari ba a san ainihin sababinta ba, daga baya aka riƙa kallonta a matsayin bore na garkuwar jiki, wato jiki ya juya yana yaƙar kansa ba gaira ba dalili. Sai a 1970 masu bincike a Amurka da Faransa suka gano ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jinin da yawa daga cikin masu cutar.

Yadda abin ke faruwa shi ne ya fi jan hankalina. Ƙwayar tana zubar da furotin ɗinta cikin jini, garkuwar jiki kuma ta ƙera makaman da za su kama shi. Idan furotin ɗin ya yi yawa, sai su haɗu su zama ƙananan dunƙule masu yawo, su maƙale a bangon jijiya, galibi inda ta yi reshe. Nan fararen ƙwayoyin jini ke taruwa, suna neman cinye dunƙulen, su ƙone bangon da yake manne a kai. Wuri ya toshe, wani wuri ya yi rauni ya bulluƙo. Idan jijiyar ƙoda ce, hawan jini mai tsanani ya taso wa matashin da bai taɓa yin sa ba. Idan ta hanji ce, ciki ya riƙa murɗawa bayan cin abinci. Idan kuwa wadda ke ciyar da jijiyar motsi ce, mutum na tafiya sai silifa ta suɓuce masa, domin ƙafar ta saki, ba ya iya ɗaga yatsunta. Cutar takan zo ne cikin watannin farko bayan kamuwa, wani lokaci ba tare da idanu sun yi shawara ba.

Nau'in C, wanda aka gano a 1989, nasa salon daban ne. Yana tunzura garkuwar jiki shekara da shekaru har ta riƙa ƙera wani furotin mai daskarewa idan ya ji sanyi, ya toshe ƙananan jijiyoyi. Alamominsa kasala, ciwon gaɓoɓi da ɗige-ɗige a ƙwauri. Littattafan likitanci kan ce ɗigon ja ne, amma a baƙar fata duhu yake yi, sai an shafa da yatsa a ji tudunsa.

Hujjata ta tsaya ne a kan magani. Abin da aka saba bai wa mai kumburin jijiya shi ne magungunan danne garkuwa, kamar siteroyid irin su firednisolon, na tsawon watanni. Ga wanda ƙwayar hanta ce silar ciwonsa, wannan kamar ɗaure mai gadi ne ɓarawo na cikin gida. Kumburin zai lafa, ƙwayar kuma ta samu sarari ta hayayyafa, hanta ta lalace. Loïc Guillevin da abokan aikinsa a Faransa sun nuna wata hanyar: siteroyid na makonni kaɗan don kashe wutar farko, sai tace ruwan jini don kwashe dunƙulen, sannan maganin ƙwayar kanta. Idan ƙwayar ta kwanta, cutar ba kasafai take dawowa ba. A can Faransa, masu PAN da ke ɗauke da nau'in B sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku a shekarun 1970, daga baya suka koma ƙasa da kashi goma cikin ɗari, bayan tantance jinin da ake ƙara wa marasa lafiya da yaɗuwar rigakafi.

Za a iya cewa cutar ba ta da yawa, kuma mafi yawan masu nau'in B a ƙasashenmu tun suna ƙanana suka kamu, ba su ne PAN ta fi kamawa ba. Gaskiya ne. Sai dai haɗarin danne garkuwa bai tsaya kan masu PAN ba, ya shafi duk mai ɗauke da ƙwayar. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya suna da ita, yawancinsu ba su sani ba. A gefe guda, siteroyid irin su deksa da firednisolon suna nan a kemis, ana saya ba takardar likita, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu don ƙiba. Mai ciwon jijiya da ya fara da kemis zai ji sauƙi kwana biyu, ya iso asibiti a makare, alamomin sun ɓuya, hanta ta jigata. Gwajin nau'in B da C da na ƙanjamau ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin mintuna, kuma a ganina bai dace a rubuta wa mai kumburin jijiya siteroyid na dogon zango ba sai an ga sakamakon nan uku.