Magungunan ciwon damuwa: me ya sa likitocin unguwa ke ƙara rubuta su?

Magungunan ciwon damuwa su ne waɗanda ake bai wa mai fama da baƙin ciki mai tsanani da ya ƙi gushewa, ko fargaba da ta hana shi sukuni. A Ingila da Faransa, yawancinsu ba likitan ƙwaƙwalwa ke rubuta su ba, likitan unguwa ne, wanda ake fara zuwa wurinsa da kowace larura.

Abin da alƙaluma suka nuna

A Ingila, hukumar lafiya ta NHS ta ce an ba da waɗannan magunguna sau miliyan 36 a 2008. Zuwa 2018 adadin ya kusa miliyan 71, wato ya ninka cikin shekara goma. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023 ya kai miliyan 86, ga mutum miliyan 8.6.

A Faransa kuwa, matasa ne abin ya fi shafa. Hukumar inshorar lafiya ta Assurance Maladie ta ce masu shan su daga shekara 12 zuwa 25 sun ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 tsakanin 2019 da 2023, lokacin da ya haɗa da annobar korona.

Dalilan ƙaruwar

Babban dalili a Ingila shi ne daɗewa a kan magani. Wani bincike da mujallar BMJ ta buga a 2009 ya gano cewa ba sababbin marasa lafiya ne suka yawaita ba, waɗanda suka fara ne ke ci gaba da sha shekara da shekaru.

Na biyu shi ne sauyin magungunan kansu. Tun da Amurka ta amince da fluoxetine, wanda aka fi sani da Prozac, a 1987, likitocin unguwa suka samu magani mai sauƙin rubutawa, wanda haɗarinsa bai kai na tsofaffi irin su amitriptyline ba idan an sha fiye da ƙima. Ban da haka, ana ba da wasunsu don ciwon jijiya ko rashin barci, kuma duk ana ƙirga su a lissafi ɗaya. Ga kuma dogon layin jiran ganin masanin halayyar ɗan Adam.

Matsalar dainawa

Daina su farat ɗaya na iya jawo jiri, rashin barci, tashin zuciya da fargaba. A 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta amince cewa alamun kan yi tsanani su daɗe ga wasu. Sai dai dainawar ma da nata haɗari. A gwajin ANTLER da aka wallafa a 2021, ciwon ya dawo cikin shekara guda ga kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka daina, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Shi ya sa ake rage maganin sannu a hankali, bisa kulawar likita.

Inda aka dosa

Tun 2022 NICE ta ce kada magani ya zama matakin farko ga mai ciwo mara tsanani, sai in shi ya zaɓa. A fara da jinya ta hanyar tattaunawa. A shekarar ce Faransa ta soma shirin da yanzu ake kira Mon soutien psy, inda inshora ke biyan kuɗin zama da masanin halayya, har sau 12 a shekara tun 2024.

A Nijar, Kamaru da Chadi matsalar ta sha bamban: likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne, masu ciwon da yawa ba sa samun kowace irin jinya. Don irin waɗannan ƙasashe ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, domin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon da kula da shi.