Daga Gandu Zuwa Bashi: Yadda Asara Ta Koma Wuyan Mutum Ɗaya

A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, bayan tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki. An lissafa asarar da kwando da naira. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne halin manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya wayi gari ba amfani, ga masu bin bashi a zaure. A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, inda rake da tumatir da masara ke riƙe da gidaje, tushen wannan damuwa ya girmi tsutsar.

A da, gandu ne ginshiƙin noma a ƙasar Zazzau, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1955. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Maigida ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure. Idan damina ta ƙi, asarar ta kowa ce, ba a nuna wani da yatsa. Rabon gado da noman kuɗi suka yi ta tsinka gandun, har kowa ya tsaya da gayaunarsa.

Kasuwa ma ta janye lemarta. Hukumar auduga kan yanka farashi, ko da bai taka kara ya karya ba, manomi ya san abin da zai samu. A 1986 tsarin SAP ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, sannan masaƙun Kaduna suka durƙushe: KTL a 2002, UNTL a 2007. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, da aka kafa a 1981, ya yi shekaru a kulle. Tumatir kuwa ba ya jiran farashi ya gyaru. Kwana kaɗan ya ruɓe.

Tun a 1897 Emile Durkheim na Faransa ya nuna cewa kisan kai na ƙaruwa inda zumunci ya sassauta ko tattalin arziki ya girgiza farat ɗaya. Talauci kaɗai ba ya kai mutum nan. Haɗuwar bashi da kunya da kaɗaici da ciwon damuwar da ba a yi wa magani ba ita ce haɗarin. Imani da ƙaddara da zumuncin masallaci garkuwa ne, amma ba su hana ciwo kama mumini.

Doka ta daɗe tana ƙara wa shirun nauyi. Kundin laifuffuka na Arewa na 1960 ya mai da yunƙurin kashe kai laifin ɗauri, dokar masu taɓin hankali ta 1958 kuma tsarewa ta fi sani. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Har yau likitan wannan fanni yana Shika ko Barnawa, nesa da mai gona a Hunkuyi. Gandu ba zai dawo ba, amma aikin da yake yi na raba asara yana nan yana jiran mai ɗauka: inshorar gona, ƙungiyar manoma, da asibitin ƙauye da zai tambayi majiyyaci yadda yake barci.