Bakolori da Matakan Binciken Kimiyya

Yau maganar ta ɗalibai ce, musamman waɗanda suka haddace matakan binciken kimiyya kamar karatun allo: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako. Haddar ba laifi ba ce. Amma ina so mu ɗauki matakan nan mu aza su kan abin da ya faru a ƙasarmu, wato madatsar ruwa ta Bakolori, wadda ke shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. A nan za ku ga yadda tsallake mataki guda ke cin gonar mutum, har ma da ransa.

Mu fara da tarihin. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da rahoto bayan ta yi shekaru tana awon ƙasa da ruwa a kwarin gulbin Sakkwato. Shawararta ita ce a yi madatsa madaidaiciya, a tafi sannu a hankali, kada a hargitsa noman da mutane suka saba. To sai kuɗin man fetur suka shigo. Gwamnatin soja ta kira kamfanonin Italiya biyu masu alaƙa da Fiat, Nuovo Castoro da Impresit, suka zana aikin da ya fi na FAO girma nesa ba kusa ba. Aka fara gini a 1974, aka gama a 1978. Tsawon bangon ya haura kilomita 5, tafkin kuma ya mamaye kusan hekta 8,000.

Ku riƙe darasi na farko tun daga nan: wanda zai ci kwangila ba shi ya kamata ya yanke hukuncin ko aikin ya dace ba. Mai bincike in yana da riba a cikin amsar, to awonsa na buƙatar idon wani.

Matakin farko shi ne lura, kuma manoma da masunta ne suka fara yin ta, ba masu digiri ba. Mutanen da ke ƙasa da madatsar sun ga ambaliyar damina, wadda ke kwanciya a fadama ta ciyar da shinkafa, ta ragu. Ba ta zurfi kamar da, ba ta daɗewa, ba ta kai inda take kaiwa. Ƙasa na saurin bushewa, kifi ya yi ƙaranci.

Daga lura sai tambaya, kuma dole ta zama wadda awo zai iya amsawa. In ka ce "Bakolori alheri ce ko sharri?", za a kwana ana gardama a majalisa ba a tashi da komai ba. Amma in ka ce "hekta nawa na fadama ruwa ke rufewa kafin 1978, nawa yake rufewa bayan nan?", to ka samu abin aunawa. Irin wannan tambaya ce wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Kambirij ta Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan kwarin yana neman amsarta a farkon shekarun 1980.

Sai hasashe, wato amsar wucin gadi da za ka gwada. Hasashen da ya fi kusa shi ne madatsa ce ta tare ruwan. Amma fa akwai kishiyarsa. Shekarun 1970 da 1980 shekarun fari ne a duk yankin Sahel, kuma dattawanmu ba su manta da 1973 da 1984 ba. Wani zai ce ai ruwan sama ne ya ragu, ku bar ɗora wa madatsa laifi. Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin wannan maganar, murna ma yake yi, don ita ce za ta nuna ko hasashensa na da ƙwari.

To yaya ake raba su? Nan ne gwaji ya shigo. Gulbi ba a sa shi a kwalba a kai ɗakin gwaje-gwaje, don haka kwatantawa ake yi. Ka auna ruwan da ke shiga tafki daga sama, ka auna wanda ake saki ta ƙasa a watannin damina. In fari ne kaɗai, duka biyun za su ragu tare. In kuwa ruwa na shiga da yawa a watan Agusta amma kaɗan ke fita, to bangon ne ya riƙe shi. Sannan ka tambayi manoma, kowa shi kaɗai, a ƙauyuka daban-daban, na kusa da madatsa da na nesa: me kake shukawa a wannan gona da, me kake shukawa yanzu? Ba mutum biyar za ka tambaya a inuwa ɗaya ka ce ka gama ba.

Adams ya wallafa sakamakonsa a 1985, ya sake faɗaɗa maganar a littafinsa na 1992. Ya nuna madatsar ta rage ambaliyar, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa waɗanda ba su kai ta kuɗi ba, noman rani ya ja baya, kamun kifi ma haka. An ƙiyasta cewa cikin hekta 19,000 na fadamar da ke ƙasa, an yi asarar kusan 7,000 na shinkafa da 5,000 na amfanin rani. Ku lura, wannan asarar ba ta shiga lissafin riba da aka yi kafin gini ba. An auna abin da za a samu a cikin aikin, ba a auna abin da za a rasa a wajensa ba.

A cikin aikin ma labarin bai yi daɗi ba. Dubban mutane ne tafki ya tasa daga gidajensu. Wasu kuma an hana su shuka shekara da shekaru ana daidaita filaye, ga diyya ta ƙi fitowa yadda aka yi alkawari. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, masu sukarta suka ce sun haura 380. Allah ya jiƙansu. Ko a nan ƙa'idar ɗaya ce: duk adadin da aka ba ka, tambayi wa ya ƙirga, yaya ya ƙirga, kuma me zai samu in adadin ya yi ƙasa ko ya yi sama.

Matakin ƙarshe shi ne ka fito da aikinka fili don wasu su duba, su maimaita, su ƙaryata ka in za su iya. Malaman jami'o'inmu irin su Okello Oculi da Bjorn Beckman sun rubuta kan Bakolori ta fuskar siyasa da tattalin arziki. Lokaci ma ya yi nasa gwajin: an tsara shayar da kusan hekta 23,000, amma a farkon shekarun 2000 abin da ake shayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, don na'urorin fesa ruwan sun lalace. Sai daga baya, ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, aka shiga gyara.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku raba kwami biyu daidai wa daida, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, rana ɗaya, ku sa taki a ɗaya kawai. Ku rubuta hasashenku kafin shuka ta fito, ba bayan ta fito ba. Ku auna tsayi duk mako, ku rubuta abin da kuka gani ko da ya saɓa wa abin da kuke so. Wanda ya yi, ya turo mana sakamakonsa mu karanta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka.