Tsakanin Usur da Aljihun Mai Ƙungiya: Tarihin Alƙalancin Ƙwallon Ƙafa

Daga Nguru zuwa Gashuwa, har da Jajimaji da ke tsakaninsu, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, da wuya a tashi wasa a gidan kallo ba a yi gardama a kan alƙali ba. Wannan ya ce satar gida ce, wancan ya ce ƙwallo ta taɓa hannu, na uku ya yanke magana da cewa an saye alƙalin. Zargin nan ya girmi duk wanda ke yin sa a yau, domin shi ne ma dalilin da ya sa aka samar da alƙalin tun farko. Wanda ya bi tarihin dokokin ƙwallo zai ga ƙoƙari guda ake ta yi fiye da shekara ɗari: a nisanta mai busa usur da mai ƙungiya.

A 1863, da aka kafa hukumar ƙwallon Ingila a Landan aka rubuta dokokin farko, babu alƙali a cikinsu. Kyaftin biyu ne ke sasanta duk wata taƙaddama, bisa zaton cewa mutumin kirki ba zai yi keta da gangan ba. Da gasa ta yi zafi, sai kowace ƙungiya ta riƙa zuwa da mai sa ido nata, mutum na uku kuma ya tsaya a wajen fili, ba ya magana sai in su biyun sun kasa daidaitawa. Kuɗi ne suka rusa wannan tsari. A 1885 aka halatta biyan 'yan wasa albashi, a 1888 aka fara gasar lig, nasara ta zama abin da ake ci da shi. Wanda ƙungiya ta kawo kuwa ba zai yi hukuncin da zai kayar da ita ba. Shi ya sa a 1891 aka shigar da mutum na ukun cikin fili da cikakken iko, aka mayar da masu sa idon bakin layi suna ɗaga tuta. A shekarar ce kuma aka fara bugun fenareti, shawarar da wani mai tsaron gida ɗan Ayalan, William McCrum, ya kawo.

Ita kanta dokar ba a bar ta hannun masu ƙungiyoyi ba. Tun 1886 majalisar IFAB ce ke riƙe da ita. Ingila da Sikotilan da Wales da Ayalan ta Arewa kowace na da ƙuri'a ɗaya, FIFA na da huɗu, kuma ba a sauya doka sai da ƙuri'a shida cikin takwas. A nan aka sassauta satar gida a 1925, daga 'yan baya uku zuwa biyu, sannan a 1990 aka ce wanda ya yi daidai da na baya bai yi sata ba. Kati kuwa rikici ne ya haife shi. A Kofin Duniya na 1966, alƙali Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, a wasansu da Ingila, shi kuma ya ƙi fita, ga shi ba sa jin yaren juna. Ken Aston, tsohon alƙali ɗan Ingila, ya kawo dabarar katin gargaɗi da jan kati, aka fara aiki da su a Meziko a 1970. A 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan wasansa ya maido masa da ƙafa.

Na'ura ta zo daga baya. Ƙwallon Frank Lampard da ta tsallake layi a 2010 aka ƙi ba shi ta taimaka wajen amincewa da na'urar bakin raga a 2012, VAR kuma, wato sake duba abin da ya faru a bidiyo, ta shiga doka a 2018. Mu a Najeriya mun ɗanɗana ta a shekarar, a Rasha, lokacin da ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo na Ajantina, alƙali ya je ya duba, ya dawo ya ce babu fenareti, Ajantina ta fitar da mu da ci biyu da ɗaya. Na'ura na nuna abin da ya faru, amma hukunci yana nan a hannun mutum, don haka tambayar wa ke da iko a kansa ba ta gushe ba.

Italiya ta nuna girman wannan tambaya a 2006, da aka gano shugabannin wasu ƙungiyoyi na sa baki wajen zaɓen alƙalan da za su busa musu wasa. Aka ƙwace wa Juventus kofuna biyu, aka jefa ta ƙaramar gasa. Ta fuskar mallakar ƙungiyoyi kuwa, Turai ba ta da tsari iri ɗaya. Real Madrid da Barcelona na mambobinsu ne, su ke zaɓen shugaba. A Jamus dokar da ake kira 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi. A Ingila kuwa attajirai ne: Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, iyalan Glazer suka karɓi Manchester United a 2005, Sheikh Mansour ya sayi Manchester City a 2008, asusun zuba jari na Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle a 2021. Duk da haka, da manyan masu ƙungiyoyi suka yunƙuro da gasar Super League a Afrilun 2021, magoya baya suka fito kan titi, shirin ya wargaje cikin kwana biyu.

A gida, ƙungiyoyinmu na farko na ma'aikatu ne, irin su Railway da Marine na Legas, lokacin da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945. Daga nan 'yan kasuwa suka shigo: Stationery Stores ta Israel Adebajo, Mighty Jets ta Jos ta Alhaji Isyaku Ibrahim wadda ta ɗauki gasar ƙasa ta farko a 1972, Abiola Babes, da Leventis United. Raccah Rovers ta kawo wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978. Da tattalin arziki ya yi tsanani, kamfanoni da attajirai suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya, gwamnatocin jihohi suka cike gurbin. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru, aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka haifi Kano Pillars, wadda ta ɗauki gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014.

Yankinmu ya bi wannan sawu. Kafin 27 ga Agusta, 1991, Nguru da Gashuwa suna cikin tsohuwar Jihar Borno, ƙungiyar gida ita ce El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, ta sake cin sa a 2024. Yobe ta sami tata, Desert Stars, mallakar gwamnatin jiha, mai wasa a filin 27 ga Agusta a Damaturu. Ta buga babbar gasa a 2018, ta faɗo a 2019. Dole a yaba wa gwamnatoci, don ba domin su ba da ƙwallon ƙwararru ta mutu a Arewa. Sai dai ƙungiyar da ke rayuwa da kasafin gwamnati takan tashi ko ta kwanta gwargwadon sha'awar wanda ke kan kujera. Ba ta dogara da kuɗin tikiti ko riga ba, don haka ba ta jin dole ta nemo saurayin Jajimaji, shi ma bai ga abin da ya haɗa shi da ita ba. Ya san benci na Chelsea kaf, amma ƙila ba zai iya kawo sunan ɗan wasan Desert Stars ɗaya ba.

A nan matsalar mallaka ta haɗu da ta alƙalanci. An daɗe a gasarmu ƙungiyar da ke gida ce ke ɗaukar nauyin masaukin alƙalai da abincinsu, har da alawus, kafin masu gudanar da gasar su karɓi biyan. Hausawa kuwa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Nasara a waje ta zama abin mamaki, mai kallo ya daina yarda da sakamako. A Yulin 2013 a Bauci, a wasannin neman hawa mataki, Plateau United Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine ta ci 67 da nema, hukumar NFF ta haramta wa 'yan wasa da alƙalan da ke ciki ƙwallo har abada. Mu magoya baya ma muna da namu laifin. Duk ranar da aka faɗa fili aka doki alƙali, an koya masa cewa tsira da lafiyarsa ta fi gaskiya, ƙungiyar da ake so kuma ita ke shan tara da rage maki. Ba mamaki da aka buga Kofin Afirka na 2023 babu alƙalin Najeriya ko ɗaya.

Akwai alamar sauyi. Remo Stars, ta ɗan kasuwa Kunle Soname, ta ɗauki gasar a 2025, ta nuna ƙungiya na iya tsayuwa ba da baitulmali ba. Darasin 1891 har yanzu shi ne darasin: a biya alƙali daga asusun da babu hannun mai ƙungiya, a biya shi kan lokaci, a tsare lafiyarsa, in ya ci amana a hukunta shi a bainar jama'a. Gwamnatin Yobe na iya buɗe wa jama'a hannun jari ko katin zama mamba a Desert Stars, yadda mutumin Nguru da na Gashuwa zai sami ƙuri'a da bakin tambaya. Kuma ana iya farawa daga gasar unguwanni a Jajimaji: a haɗa kuɗin alƙali a asusu ɗaya kafin a take wasa, a ɗauko shi daga garin da ba ya cikin karawar, kowane ɓangare ya amince tun farko cewa hukuncinsa ya zauna.