Farautar Barewa Mai Kunnen Alfadari a Duwatsun Amurka: Da Ɗan Jagora ko Babu

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Agusta zuwa Disamba, dubban maharba kan nufi tsaunukan yammacin Amurka da Kanada domin neman wata dabba da ta yi fice a wajensu, wato barewa mai kunnen alfadari. Wasu kan biya dubban daloli ga ɗan jagora ya kai su inda take, wasu kuma su saɓi kayansu su shiga dajin da kansu. Hanyoyin biyu sun bambanta a kuɗi da wahala, sai dai doka ɗaya ce ke mulkinsu, kuma babu wadda ke ba maharbi tabbacin zai dawo da abin da ya fita nema.

Wace dabba ce?

Masana kimiyya na kiranta Odocoileus hemionus. Ta samu sunanta ne saboda manyan kunnuwanta masu kama da na alfadari. Tana zaune a yammacin nahiyar Amurka ta Arewa, daga Kanada har zuwa arewacin Meziko, musamman a jerin duwatsun Rocky. Jelarta fara ce mai baƙin baki, kuma idan ta firgita takan yi tsalle da ƙafafu huɗu lokaci guda, abin da ke ba ta damar tsere wa maƙiyi a kan gangare mai duwatsu.

Namijin ne kaɗai ke da ƙaho. Ƙahon kan rabu gida biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Yakan faɗi da kansa a ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro, kuma girmansa ya danganta da shekarun dabbar da irin abincin da ta samu da kuma gadonta. Da zafi garken kan hau saman tsaunuka inda ciyawa ke da yawa, idan dusar ƙanƙara ta fara sauka sai su gangaro. A jihar Wyoming akwai garken da ke yin tafiyar kusan kilomita 240 tsakanin yankin Red Desert da kwarin Hoback, ɗaya daga cikin ƙaura mafi tsawo da aka sani ga wannan dabba.

Yadda ake auna ƙaho

Maharban da ke neman abin tunƙaho ƙahon suke dubawa. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya jagoranci kafa ta a 1887 kafin ya zama shugaban Amurka, ita ce ke riƙe da kundin bajinta. Ana auna tsawon rassan ƙahon da kaurinsu da tazarar da ke tsakaninsu da inci, sannan a haɗa jimilla. Ƙahon da rassansa suka daidaita dama da hagu sai ya kai maki 190 kafin ya shiga babban kundin, wanda kuma ya fito da rassa barkatai sai ya kai 230.

Mafi girman ƙaho mai daidaito shi ne na dabbar da Doug Burris ya harba a gundumar Dolores ta jihar Colorado a 1972, mai maki 226 da rabi. A ɗaya rukunin kuwa, har yanzu ba a karya tarihin Ed Broder ba, wanda ya harbi tasa a kusa da tafkin Chip na lardin Alberta a Kanada a 1926, mai maki 355 da kwata.

Takardar izini ce ƙofa

Kafin a yi maganar ɗan jagora, sai an mallaki takardar izini. A tsarin Amurka namun daji amana ce a hannun gwamnatin jiha, ba mallakin mai gona ba. Kowace jiha ta raba ƙasarta yanki-yanki, kuma hukumar kula da namun daji ce ke ƙayyade yawan dabbobin da za a harba a kowane yanki da ranakun farauta da irin makamin da za a yi amfani da shi: kwari da baka, ko bindigar ɗuri, ko bindigar zamani.

A yankunan da ake rububi, ƙuri'a ake jefawa. Tun daga 1999 jihar Colorado ta ƙayyade yawan takardun farautar barewa, ta koma raba su ta hanyar ƙuri'a. Wanda bai dace ba a bana yakan samu maki guda da zai ƙara masa dama a baɗi. Ta haka mutum kan shafe shekara goma ko ashirin yana jira kafin ya samu izinin shiga wurare irin su tsaunukan Henry a Utah ko yankin Arizona Strip. Akwai kuma 'yan takardu ƙalilan da ake gwanjonsu domin tara kuɗin kula da dawa. Takardar tsibirin Antelope a Utah ta taɓa haura dala 400,000.

Farauta da ɗan jagora

Da ɗan gari akan ci gari. Kamfanin shirya farauta mai lasisi yakan samar da ɗan jagora da dawaki ko alfadarai da tantuna da mai dafa abinci. Mafi muhimmanci shi ne sanin daji: tun da rani ma'aikatansa ke zaga tsaunuka suna lura da inda manyan mazan ke kiwo da inda suke kwana. Wasu kamfanonin kuma kan yi hayar gonakin masu zaman kansu, inda babu cunkoson maharba. Idan an yi harbi, su ke feɗe dabbar su ɗauko naman zuwa sansani.

Tafiyar kan ɗauki kwana biyar zuwa mako guda, kuɗinta kuma dubban daloli ne, ban da kuɗin takardar izini da na sufuri da ihsanin da aka saba ba ɗan jagora. Abin da maharbi ya saya shi ne ilimi da hidima. Idan yanayi ya juya ko hannunsa ya yi rawa, kuɗinsa ba ya dawowa.

A wasu wurare ɗaukar jagora dole ne. Wyoming ta hana wanda ba mazaunin jihar ba farautar manyan dabbobi a dazuzzukan da gwamnatin tarayya ta keɓe sai da ɗan jagora mai lasisi ko rakiyar ɗan jihar. Lardin British Columbia na Kanada shi ma ya wajabta wa baƙi 'yan ƙasashen waje bi ta hannun masu shirya farauta.

Farauta babu jagora

Abin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke iya wannan farauta shi ne yawan filayen gwamnati. Hukumar kula da filaye ta tarayya na riƙe da kimanin eka miliyan 245, hukumar gandun daji kuma eka miliyan 193, kuma galibinsu a buɗe suke ga duk mai takardar izini. Kuɗin ya ragu matuƙa, amma dukkan aikin ya koma wuyan maharbi: nazarin taswira, sanin iyakar filin gwamnati da na mutane, ɗaukar tanti da abinci a baya.

Dabarar da aka fi bi ita ce hawa tudu kafin ketowar alfijir, a zauna sa'o'i ana leƙen gangare da madubin hangen nesa. Idan an hango dabbar ta kwanta, sai a lallaɓa ta inda iska ba za ta kai mata warin mutum ba. Wani lokaci wannan na faruwa ne a tsayin da ya haura mita 3,000, inda iska ba ta da kauri, kuma wanda bai saba ba kan kamu da ciwon kai da haki. A dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe an haramta shiga da mota ko babur, don haka naman a baya ake fito da shi, wani lokaci sawu biyu ko uku. Barin naman ya ruɓe a ɗauki ƙaho kawai laifi ne a dokokin jihohin.

Akwai hanya ta tsakiya: kamfani ya kai maharba da kayansu sansani a kan dawaki, ya bar su su yi farautarsu, ya dawo ɗaukarsu ranar da aka yanke.

Makomar garken

Kuɗin maharba ne ke ɗaukar kaso mai yawa na ɗawainiyar kula da namun daji. Ban da kuɗin lasisi, dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora harajin da a yau ya kai kashi 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi da harsasai, ana raba shi ga jihohi. Duk da haka yawan wannan barewa ya ragu a wurare da dama idan aka kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya gabata. Fari da gobarar daji da gine-gine da manyan tituna sun cinye wuraren da take fakewa da hunturu. Ga kuma wata cutar ƙwaƙwalwa da ke ramar da dabba har ta mutu, wadda aka fara gano ta a Colorado a 1967, kuma har yau ba ta da magani. Tsananin hunturun 2022 zuwa 2023 ya hallaka dabbobi masu yawa a yammacin Wyoming, abin da ya sa hukuma ta rage takardun izini a shekarar da ta biyo.

Idan garke ya ragu, takardun kan ragu, layin jira ya ƙara tsawo, kuma mai jagora da marar jagora duk su ji a jikinsu. Wanda ke da kuɗi amma ba shi da lokaci yakan zaɓi ɗan jagora, mai ƙarfin jiki da haƙurin koyon daji kuma ya tafi da kansa. A yankunan da ake rububi, galibi su duka biyun sai sun jira ƙuri'a ta faɗo kansu tukuna.