Fijo 504 Da Masu Ɗinkin Kujera: Tarihin Motar Da Ta Ƙi Mutuwa

Yau ba maganar waya za mu yi ba, amma duk maganar gyara ce.

A ƙofar gidanmu a Dawakin Kudu akwai tsohuwar Peugeot 504 ta kawuna, wadda muke kira Fijo. Ta fi shekara goma a ajiye, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Kwanaki masu sayen gwangwan suka zo suka taya ta, kamar yadda suke taya ruɓaɓɓen buta. Kawu ya ce a'a. Shi ne muka ce bari mu gyara cikinta da kanmu, ni kuma na shiga binciken asalinta.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A nan gida, kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna a 1975. Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnati ta jawo kamfanoni da dama: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, sai manyan motocin Fiat a nan Kano. Amma babu wadda ta shiga jinin mutane kamar Fijo. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar malamin makaranta da ya samu bashin mota, ita ce motar haya. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, mu kuwa a Kaduna ba a daina ba sai 2006.

A yankinmu ta zo a kan gaɓa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya shiga gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Noman rani ya kankama, tumatir da albasa da alkama suka yawaita, sai aka buƙaci abin ɗauka. A-kori-kura ta Fijo ce ke shiga har bakin gona ta fito da kwanduna zuwa titin Zariya. Wagon ɗinta mai layin kujeru uku kuma ita ce ke jigilar fasinja tsakanin Kano, Zariya da Kaduna.

To ina masu ɗinkin kujera suka shigo? A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Wasu suka koma sayen 'yar Kwatano, sauran suka riƙe wadda suke da ita da hannu bibbiyu. Injin Fijo yana da haƙuri, kayan gyaransa kuma ga su nan a kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da ke saurin mutuwa shi ne cikinta: zafin watan Afrilu ya fasa leda, ƙurar hunturu ta cinye yadi, lodi ya kwantar da soso. Nan sana'ar ɗinkin kujerar mota ta yi ƙarfi. Kuma ba baƙuwar sana'a ba ce a Kano, garin da majema da dukawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna aikin fata. Allura ce dai ta koma keken ɗinki, fata ta koma leda.

Da muka kwance kujerar gaba, na ga dalilin da ya sa aikin ya yiwu. Kusoshi kaɗan ne suka riƙe ta. A ciki akwai firam na ƙarfe, sai sifirin, sai soso, sai riga a sama. Wani dattijo mai ɗinki, wanda ya ce tun yana yaro yake wannan aiki, shi ya nuna mana ƙa'idar:

Kada ka yaga tsohuwar rigar. Farke ta a hankali ta bin ɗinki, domin ita ce ma'auninka. Ka shimfiɗa kowane ƙyalle a kan sabuwar leda ka zana, ka bar ɗan wurin ɗinki. Firam ɗin a kankare tsatsa, inda ya karye a kai wa mai walda, a shafa fenti. Soso a sa mai tauri, don mai laushi wata shida ya kwanta. Kafin ka ja sabuwar rigar, ka shanya ta a rana ta yi laushi, sai ta zauna ba tare da tattara ba. Ya kuma ce mu guji baƙar leda, sai dai in muna son ta ƙona mu da azahar.

Ni da nake buɗe waya kullum, abin ya tsaya min a rai. Wayoyin yanzu da gam ake manne su, batir ma sai ka gasa bayan wayar kafin ka kai gare shi. Ita kuwa wannan motar, mai shekaru fiye da nawa, an yi ta ne don a buɗe, a gyara, a mayar. Shi ya sa ta ciyar da makanike, mai walda, mai fenti da mai ɗinki shekara da shekaru.

Abin damuwar shi ne dattijon nan ba shi da yaro ko ɗaya a shagonsa. Yanzu mutane rigar kujera ta kanti suke saya su rufa a kan ɓarna. Su kuma Fijon da suka rage, ɗaya bayan ɗaya ake sare su ana aunawa a sikeli. In akwai irinta a gidanku, kafin a kira mai gwangwan, a leƙa cikinta tukuna. In firam ɗin kujera da ƙasan motar ba su ruɓe ba, ba ta mutu ba.

Tamu dai mun gama kujerun gaba, saura na baya da silin. Ranar da muka ɗaura su, Kawu ya shiga ya zauna, ya riƙe sitiyari, ya daɗe bai ce komai ba, alhali ko batir babu a motar.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka.