Wat 500 a Takarda: Yadda Ƙarya Ta Shiga Akwatin Wutar Kwamfuta

A ƙasar Brazil, masu harhaɗa kwamfuta sun raɗa wa akwatin wuta mai arha suna "fonte bomba", wato bam. Har ta kai a shagunan can mai saye yakan tambaya ko wat ɗin da ke rubuce a jiki na gaske ne, domin kowa ya san akwai na gaske, akwai na ado. Wannan akwati, da masu gyara a Najeriya ke kira fawa-fak, shi ke karɓar wutar bango ya sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda kayan ciki ke sha. Ba a tunawa da shi sai ranar da ya yi ƙara, ƙauri ya cika ɗaki.

Da farko babu cika baki a sana'ar. A 1977 injiniya Rod Holt ya ƙera wa Apple II akwati marar nauyi, mai yanka wuta yana maido ta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, maimakon dogaro da ƙatuwar taransifoma. Kwamfutar IBM ta 1981 kuwa wat 63.5 kacal akwatinta ke bayarwa. Kamfanin da ya haɗa na'ura ya san cikinta, sai ya auna mata abinci daidai, mai saye ma bai san da wata lamba ba.

Lamarin ya sauya a 1995, lokacin da Intel ya fitar da tsarin ATX. Tsarin ya ƙayyade girman akwatin, da inda ramukan kusa za su zauna, da filogi mai baki 20. Daga nan kowace masana'anta a Taiwan ko lardin Guangdong na Sin tana iya ƙera wanda zai shiga kowace kwamfuta. Farashi ya faɗi, jama'a suka ji daɗi. To amma akwatunan duk sun zama kamar an tsaga kara: toka-toka, fanka ɗaya, damin wayoyi. Abin da ya rage mai saye ya bambanta su da shi sai lambar da ke kan takarda, kuma buga takarda ya fi sayen tagulla sauƙi. Da yawa ma kyauta ake haɗa su da kwangon kwamfuta.

Shekarar 2000 ta ƙara buɗe ƙofa. Pentium 4, sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel, ya zo da yunwar wuta, sai Intel ya mayar da cin abincinsa kan layin bolt 12, katunan hoto na masu wasanni suka bi sahu. Tsofaffin akwatuna kuwa ƙarfinsu yana kan bolt 5 ne. Masu arha ba su sake zane ba, takarda kawai suka sake. A ce akwati ya yi iƙirarin wat 500, amma a ƙananan rubutu layin bolt 12 yana ba da amfiya 18. Sha biyu sau sha takwas 216 ke nan. Sauran wat ɗin, in ma akwai su, suna jibge a layin da kwamfutar zamani ba ta cika taɓawa ba.

Dabarun ba su tsaya nan ba. Wasu sukan rubuta ƙarfin da akwatin zai iya riƙewa na 'yan daƙiƙu, irin lambobin nan na dubbai da ake mannawa a jikin rediyo mai kaset. Wasu sukan auna a sanyin digiri 25, alhali cikin kwamfuta mai aiki yakan kai 40 ko fiye, kuma ƙarfin akwati raguwa yake yi in ya ɗumama. Wanda ke aiki a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, iskar ɗakinsa kaɗai ta wuce ma'aunin masana'antar. In aka kwance murfi, sai a tarar da guraben kayan tace wuta fayau, an haɗe su da guntun waya, ga siraran wayoyi, babu abin da zai kashe akwatin in kaya ya fi ƙarfinsa.

Masu saye suka koyi ɗaga akwati a hannu, mai nauyi shi ne mai kaya. Masana'antun ma suka koya. Bayan dokar Turai ta 2001 ta tilasta rage dattin da na'urori ke mayarwa cikin layin lantarki, wanda akan magance da wani naɗin waya mai nauyi, an kama akwatunan da naɗinsu na bogi ne, ba ya aikin komai sai cika hannu.

A daidai wannan zamani annobar kafasita ta ɓarke. Labarin da mujallar IEEE Spectrum ta buga a 2003 shi ne, an saci sirrin haɗa ruwan cikin kafasita daga wani kamfanin Japan, sirrin ya isa Taiwan a gutsure, babu sinadarin da ke hana shi fitar da iska. Kafasitoci suka riƙa kumbura kamar fanke, suna tsiyayar da ruwa mai launin tsatsa. Akwatin Bestec samfurin ATX-250-12E, da aka sa a kwamfutocin eMachines, ya yi ƙaurin suna wajen masu gyara: in kafasitarsa ta gaji, layin bolt 5 da ke zama a kunne ko an kashe kwamfuta sai ya haura, ya ƙone babban allon kwamfutar gaba ɗaya.

Waɗanda suka tona asiri ba hukumomi ba ne. Mutane ne irin su Jon Gerow na JonnyGURU a Amurka da Gabriel Torres ɗan Brazil, da suka tanadi na'urar ɗora kaya, suna jan wat ɗin da takarda ta yi alkawari a cikin zafi. Sau da yawa akwatin da aka rubuta wa 500 yakan ba da gari tun bai kai 300 ba. A 2004 kuma aka ƙaddamar da tambarin 80 Plus, mai shaida cewa akwati ba ya ɓarnatar da fiye da kashi 20 cikin ɗari na wutar da ya ja. Sai dai tambarin tsimin wuta yake aunawa, a ɗaki mai sanyi, kan samfurin da kamfani ya aiko da kansa. Ba a jima ba aka fara ganin na jabu.

Ko na gasken ma bai hana hayaƙi ba. A 2021, lokacin ƙarancin katunan hoto, shagon Newegg ya riƙa haɗa su da akwatunan Gigabyte samfurin GP-P750GM da GP-P850GM, in kana son kati dole ka ɗauki akwati. Tashar Gamers Nexus ta gwada su gaban kyamara, wasu suka yi tartsatsi suka mutu. A watan Agusta na shekarar Gigabyte ya ce ya gyara ma'aunin kariyarsu, ya kuma amince a maido masa da tsofaffin a musanya. A jikin kowanne akwai tambarin 80 Plus na zinariya.